Tanda mai gurbi goma sha shida: yadda firosesa ta koyi yin lissafi da yawa da umarni ɗaya

Akwai abin da ke yawan samun masu koyon gina manhaja, musamman waɗanda ƙarfinsu bai wuce ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka mai firosesar Celeron ba, ko tsohuwar da aka sayo gwanjo. Mutum ya ƙarar da datarsa wajen sauke TensorFlow, tarin kayan aikin da Google ya fitar don koyar da na'ura, ya girka shi, ya kira shi, sai komai ya tsaya cik da ɗan gajeren saƙo cewa an ci karo da haramtaccen umarni. Ya sake girkawa, haka. Ya zargi RAM, ya zargi Windows, alhali babu ruwansu. Tun daga siga ta 1.6 da ta fito a 2018, TensorFlow ɗin da ake rabawa a shirye an gina shi ne bisa zaton cewa firosesar mutum ta san wani rukunin umarnai da ake kira AVX. Ma'adanar bayanai ta MongoDB ma tun daga siga ta 5.0 haka take. Firosesa irin Celeron N4020, wadda ta fito a 2019, shekara takwas cif bayan AVX ya shigo kasuwa, ba ta san waɗannan umarnai ba. An yi mata magana da kalmar da babu ita a ƙamusunta, ita kuma firosesa ba ta cewa a maimaita mata.

Ƙamus ɗin nan shi ne tushen maganar. Kowace firosesa tana da iyakantattun umarnai da take ganewa: ɗauko lamba daga ma'adana, tara biyu, ninka, kwatanta, tsallaka zuwa wani wuri. Dangin x86 na Intel da AMD sun gaji nasu tun daga 8086 ta 1978, ana ta ƙara musu sababbin kalmomi ba tare da an goge tsofaffi ba. Kaso mai tsoka na abin da aka ƙara tun daga ƙarshen shekarun 1990 manufarsa ɗaya ce, a yi lissafin lambobi masu ɗigo da yawa a lokaci guda.

Lamba mai ɗigo ita ce irin 3.14 ko 0.0007, kuma kwamfuta tana ajiye ta ne kamar yadda ɗalibin kimiyya ke rubuta gudun haske: maimakon 299,792,458 sai ya rubuta kusan 2.998 sau 10 a ninke sau 8. An riƙe manyan alƙaluman farko, an kuma riƙe inda ɗigon zai zauna, shi ya sa ake cewa ɗigon yana yawo. A ƙaramin samfuri mai bit 32 (bit shi ne gurbi ɗaya mai ɗaukar 0 ko 1), bit ɗaya na nuna ko lambar sama da sifili take ko ƙasa, takwas na nuna mazaunin ɗigo, 23 na riƙe alƙaluman, abin da ke ba da daidaito na kimanin alƙalami bakwai. Babban samfuri mai bit 64 yana kaiwa 15 zuwa 16. Wannan tsari ya fito ne daga aikin da masanin lissafi William Kahan ya yi wa Intel a kan 8087, wata ƙaramar firosesar lissafi da ake saya daban a liƙa kusa da babbar tun 1980, daga baya ya zama ƙa'idar IEEE 754 a 1985. Sai a 1989, da 486DX, sashen lissafin ya koma cikin firosesar kanta.

Sashen nan yana da kyau wajen daidaito, har bit 80 yake riƙewa a cikinsa, amma ɗaya bayan ɗaya yake aiki. A ɗauki ƙara sautin waƙa. Faifan CD na ɗauke da lambobi 44,100 a kowace daƙiƙa ga kowane kunne, kuma ƙara sauti ba komai ba ne illa ninka kowace lamba da adadi guda. Hoto mai faɗin 1920 da tsawon 1080 ɗigo-ɗigo 2,073,600 ne, kowanne da launi uku. A tsohon tsari, kowace lamba sai an ɗauko mata umarni, an warware ma'anarsa, an duba ko yana jiran wani, an ba shi layi, sannan a yi ninkin. Hidimar da ke kewaye da ninkin ta fi ninkin kansa cin wuta da tiransistoci, wato ƙananan makunnan lantarki da aka gina firosesa da su.

Mai masa ta daɗe da warware wannan. Ba ta hura wuta don waina ɗaya. Tanda take ɗorawa mai gurabe da yawa, wuta guda ta dafa su gaba ɗaya. Haka ake yi a firosesa. A faɗaɗa rijista, wato ƴar ma'ajiyar da ke cikin firosesa inda ake ɗora lamba kafin a yi mata aiki, ta ɗauki lamba huɗu ko takwas a jere, a jera na'urorin ninki huɗu ko takwas a gabanta, umarni ɗaya ya motsa su duka. Hidimar sau ɗaya aka biya, ribar ta ninku. Michael Flynn ya raɗa wa wannan salo suna SIMD a 1966, ma'ana umarni ɗaya, bayanai da yawa. Manyan injuna ne suka fara: ILLIAC IV ta Jami'ar Illinois mai sassan lissafi 64, wadda ta ci kuɗi da shekaru kafin ta yi aiki sosai, sai Cray-1 ta Seymour Cray a 1976, mai rijista takwas da kowace ke ɗaukar lamba 64. Cray ya yi wata dabara da za mu dawo kanta: ya tanadi wata ƴar rijista da ke faɗa wa injin gurabe nawa za a yi amfani da su a wannan zagaye.

Shigowar abin cikin kwamfutar gida ta faro da ƙafar hagu. A Janairun 1997 Intel ya fito da MMX, umarni 57, rijista mai bit 64. Cikakkun lambobi kawai yake lissafawa, babu masu ɗigo. Kuma bai zo da sababbin rijistoci ba, aron na tsohon sashen lissafi ya yi. Dalilin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya biyo kowane ƙari har yau. Babbar manhaja irin Windows tana juya firosesa tsakanin manhajoji sau da dama a daƙiƙa, kuma duk juyi sai ta kwashe abin da ke cikin rijistoci ta adana, ta mayar idan zagaye ya dawo. Idan aka ƙirƙiri rijistar da babbar manhaja ba ta san da ita ba, ba za ta adana ta ba, manhaja ɗaya ta ɓata wa ɗaya lissafi. Intel ya guje wa jiran Microsoft ta hanyar fakewa a rijistocin da aka riga aka sani. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: manhaja ba ta iya yin MMX da lissafin masu ɗigo a tare, sai ta share rijistocin da wani umarni na musamman duk lokacin da za ta sauya.

A lokacin kuwa wasannin kwamfuta masu hoto mai zurfi sun fara cin kasuwa, su kuma lambobi masu ɗigo suke sha kamar ruwa, don juya kowace kusurwar hoto ninki ne da tarawa. Bango ya tsage, AMD ya samu wurin shiga: a 1998 ya fito da 3DNow! a kan K6-2, umarni 21 da ke sa lamba biyu masu ɗigo a rijistar MMX. Intel ya mayar da martani a 1999 da SSE a kan Pentium III, wannan karon da sababbin rijistoci takwas masu bit 128, gurbi huɗu kenan, umarni 70, ya kuma yarda a jira babbar manhaja ta koyi adana su. A shekarar ne Apple ya fara sayar da Mac mai PowerPC G4 ɗauke da AltiVec, rijista 32 masu bit 128, wanda da yawa daga masu rubuta irin wannan manhaja suke ganin ya fi SSE tsafta nesa ba kusa ba. Tsafta ba ta cece shi ba. Apple ya koma Intel a 2006. Shi ma 3DNow! AMD ya sanar da yin watsi da shi a 2010.

A ganina ranar da abin ya zama na kowa ita ce ranar da AMD ya fito da tsarinsa na bit 64 a 2003. SSE2, wanda ya zo da Pentium 4 a ƙarshen 2000 ya kawo lambobi masu bit 64, ya riga ya kwana biyu a kasuwa, amma mai gina manhaja ba ya iya dogara da shi, don bai san injin da za a ɗora manhajarsa a kai ba. AMD ya ce duk firosesar da za ta amsa sunan mai bit 64 dole ta san SSE2, ya kuma ninka rijistocin zuwa 16. Intel ya bi. Daga nan kwamfaila, wato manhajar da ke fassara rubutun magini zuwa harshen inji, ta samu damar amfani da SSE2 ko'ina ba tare da tambaya ba, tsohon sashen lissafi ya koma ɗakin ajiya. Umarnin da kowa ke da shi ya fi umarnin da ya ninka shi ƙarfi amma rabin mutane ne ke da shi, kuma duk rikicin da ya biyo baya a kan wannan gaɓa ya tsaya.

Me ya sa aka ci gaba da faɗaɗawa? Saboda hanyar da aka saba ta toshe. Daga 1990 zuwa farkon 2000 gudun agogon firosesa ya tashi daga gomomin miliyoyin bugu a daƙiƙa zuwa biliyan uku, manhaja tana ƙara sauri ba tare da maginin ya taɓa komai ba. Sai zafi ya ce a dakata. Pentium 4 ta tsaya a biliyan 3.8, Intel ya soke magajiyarta a 2004. Tiransistoci sun ci gaba da yawa, amma ba a iya ƙara musu gudu. Abin da ya rage shi ne a ƙara cibiyoyi, wato sassan da kowanne ke gudanar da umarnai da kansa, a cikin firosesa ɗaya, a kuma ƙara wa kowace cibiya faɗin tanda. AVX ya zo a 2011 da firosesar Sandy Bridge ta Intel, bit 256, gurbi takwas. A 2013 Haswell ta Intel ta kawo AVX2 da wani umarni da ya fi faɗin kansa muhimmanci, FMA, mai ninka lamba biyu ya tara ta uku a kai a mataki ɗaya. IBM ya daɗe da shi tun 1990 a firosesarsa ta POWER. Kusan duk lissafin kimiyya, daga hasashen yanayi zuwa koyar da na'ura, idan aka tone shi ninki ne da tarawa a jere, don haka haɗe su riba ce ninki biyu.

Labarin shigowar FMA ɗin abin dariya ne. A 2007 AMD ya tsara nasa mai ambaton rijista uku. A 2008 Intel ya sanar da nasa mai huɗu. AMD ya ga gara a daidaita, ya koma mai huɗu a 2009, alhali Intel ya riga ya sauya ra'ayi ya koma mai uku. Kowa ya tafi gidan ɗan'uwansa, suka yi saɓani a hanya. Bulldozer ta AMD ta fito a 2011 da mai huɗu, magajiyarta ta ɗauki duka biyun, sai da firosesarsa ta Zen ta zo a 2017 aka binne mai huɗun.

A yi lissafin abin da aka samu. Cibiyar Haswell ɗaya tana da na'urar FMA biyu, kowace na ɗaukar lamba huɗu masu bit 64, kowane FMA aiki biyu ne. Ayyuka 16 kenan a bugu ɗaya. A gudun biliyan uku, biliyan 48 a daƙiƙa. Ƙololuwar Cray-1 miliyan 160 ce. Cibiya ɗaya a kwamfutar ofis ta 2013 ta ninka ta sau 300, a takarda.

A takarda, na ce, domin ba girin-girin ba, ta yi mai. Tanda komai faɗinta ba ta da amfani idan ƙullu ba ya isowa. A ɗauki lissafi mafi sauƙi: jeri biyu na lambobi masu bit 32, a ninka na farko da wani adadi a tara a kan na biyu. Kowane gurbi aiki biyu ne, amma sai an ɗauko bayit huɗu (kowane bayit bit takwas ne) daga nan, huɗu daga can, an mayar da huɗu, bayit 12 kenan. RAM irin DDR4-3200 mai hanya biyu ba ta wuce bayit biliyan 51.2 a daƙiƙa, ko a ranar da ta tashi da ƙafar dama. Raba ka gani: gurabe kusan biliyan huɗu da ɗoriya, ayyuka kimanin biliyan takwas da rabi. Cibiya ɗaya tak tana iya biliyan 96 da irin waɗannan lambobi, kuma duk cibiyoyin da ke cikin firosesar wannan hanyar guda suke rabawa. Kashi tara cikin goma na lokacin, na'urorin ninki suna zaune suna jiran ƙullu. A faɗaɗa su zuwa bit dubu ma babu abin da zai ƙaru.

Inda ake cin riba sosai shi ne lissafin da ke amfani da lamba ɗaya sau da yawa bayan an ɗauko ta, kamar ninka manyan teburan lambobi biyu. A nan gwani kan yanka teburin gunduwa-gunduwa daidai girman ƙananan ma'ajiyoyin da ke jikin firosesa, ya tatse kowace gunduwa kafin ya sake ta. Wani Bajapane, Kazushige Goto, wanda ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ne a ƙasarsa kafin ya koma Jami'ar Texas, ya yi suna a farkon shekarun 2000 da rubuta irin wannan da hannu cikin harshen inji, har nasa ya zarce na kamfanonin da suka ƙera firosesocin. OpenBLAS, tarin kayan lissafin da ɗimbin masu rubuta manhaja da harshen Python ke amfani da shi ba tare da sun sani ba, daga aikinsa ya samo asali.

Cikas na biyu shi ne jeri. Mai gina manhaja ya saba ajiye abu da kayansa wuri ɗaya: ɗigo na farko ja, kore, shuɗi, sannan ɗigo na biyu. Tanda kuwa ja takwas take so a jere. Ko dai a sake tsara bayanan tun daga tushe, ko a ɓata bugu ana tsince su. Sai maganar sharaɗi: idan lamba ta wuce kaza a yi mata kaza, in ba haka ba a yi wani abu. Umarni ɗaya ne ga gurabe takwas, ba a iya cewa uku su bi dama biyar su bi hagu. Dole a lissafa hanyoyin biyu ga kowa, sannan a zaɓa. Ga kuma ragowa: jeri mai lamba 1,003 ya cika tanda mai gurbi takwas sau 125, ukun da suka saura sai an rubuta musu nasu zagayen daban. Ko an tsallake duk wannan, lissafin Gene Amdahl na 1967 yana nan yana jira: idan rabin aikin manhaja ne kawai ke shiga tanda, ninka saurin wannan rabin sau takwas ba ya kai ka ko ninki biyu gaba ɗaya, 1.8 ne ma da kyar.

Cikas na uku ya fi ba ni sha'awa, domin ya taɓa abin da aka koya mana tun firamare, cewa tarawa ba ta damu da wa aka fara da shi ba. A lambobi masu ɗigo ta damu. A samfuri mai bit 32, daga 16,777,216 zuwa sama lambobi bibbiyu suke tsallakawa, babu wurin ajiye 16,777,217. Tara 1 a kan 16,777,216, amsa ta dawo 16,777,216. Sake tara 1, tana nan inda take. Amma fara tara 1 da 1 su zama 2, sannan ka ɗora, sai ka samu 16,777,218. Lambobi uku iri ɗaya, amsa biyu. To tara jeri da tanda sauya tsarin tarawa ne: gurbi na farko yana tara lamba ta 1, ta 9, ta 17, na biyu ta 2, ta 10, ta 18, a ƙarshe a haɗa jimloli takwas. Amsar za ta iya bambanta a alƙaluman ƙarshe, kuma ta mai gurbi huɗu daban da ta mai takwas. Shi ya sa kwamfaila irin GCC ba ta yin wannan da kanta sai an ba ta izini ƙarara, kamar da zaɓin -ffast-math. FMA ma yana da nasa: sau ɗaya yake datse alƙaluma maimakon sau biyu, amsarsa ta fi kusa da gaskiya, amma ba ita ce tsohon inji ke bayarwa ba. Ga mai wasan kwamfuta wannan ba komai ba ne. Ga mai binciken da ke son wani ya maimaita lissafinsa a wata jami'a ya samu daidai abin da ya samu, ciwon kai ne na gaske.

Duk waɗannan, da wani na huɗu, suka haɗu a kan AVX-512. Intel ya sanar da shi a 2013, ya fito a Xeon Phi a 2016, ya shiga firosesocin manyan sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima ta intanet, a 2017: rijista 32 masu bit 512, gurbi 16. Na huɗun shi ne zafi. Kunna na'urorin ninki masu wannan faɗi yana zuƙar wuta fiye da yadda firosesar za ta jure a cikakken gudu, sai ta rage gudun agogon cibiyar, ta kuma ɗan jima a haka bayan umarnin ya wuce. Ga lissafin da ke cika tanda daga safe zuwa dare, ribar ta rufe asarar. Ga manhajar da ke ɗan taɓa AVX-512 jefi-jefi, sauran aikinta duka ne ke biyan kuɗin. Kamfanin Cloudflare ya bayyana a 2017 cewa ya ga haka a sabobinsa, inda ɗan amfani da shi wajen ɓoye bayanai ya jawo jinkiri ga aikin gaba ɗaya. Firosesocin baya sun rage wannan matsala ƙwarai, amma sunan ya riga ya ɓaci. A Yulin 2020 Linus Torvalds, mai jagorantar Linux, ya fito fili ya yi masa fatan mummunar mutuwa, yana cewa gara a kashe tiransistocin a kan abin da manhajar yau da kullum za ta mora.

Ƙorafinsa mafi ƙarfi kuwa rarrabuwa ce, kuma a nan ina tare da shi. AVX-512 ba abu ɗaya ba ne, tarin ƙananan rukunai ne fiye da goma, wannan firosesa na da waɗannan, waccan na da waɗancan. Abin ya kai maƙura a 2021 da firosesar Alder Lake ta Intel, wadda ta haɗa manyan cibiyoyi masu AVX-512 da ƙanana marasa shi a firosesa ɗaya. Babbar manhaja tana iya ɗauke aiki daga babbar cibiya zuwa ƙarama a kowane lokaci, manhajar da ta tambaya aka ce mata akwai sai ta tsinci kanta inda babu. Intel ya kashe shi ga kowa. Masu ƙwaƙwa sun gano cewa rufe ƙananan cibiyoyi yana dawo da shi a wasu injuna, sai kamfanin ya toshe wannan ƙofa ma a 2022. A shekarar ce AMD ya fito da Zen 4 mai AVX-512 a duk firosesocinta, ta hanyar raba kowane umarni gida biyu a kan na'urori masu bit 256, dabarar da Pentium III ta yi wa SSE shekaru 23 kafin nan. Wanda ya ƙirƙiro abu ya cire shi daga kwamfutar gida, abokin hamayya ya ɗauka. A 2023 Intel ya sanar da AVX10 don ɗinke ɓarakar.

Abin takaicin shi ne lambar 512 da aka liƙa a sunan ita ce mafi ƙarancin abin alfahari a cikinsa. Babbar ƙaruwar ita ce rijistocin tacewa guda takwas, masu faɗa wa kowane umarni gurabe nawa zai taɓa, wanne zai ƙyale. Da su ake warware maganar sharaɗi da ta ragowa cikin sauƙi: zagayen ƙarshe na misalin da ya gabata a rufe gurabe biyar a soya uku. Wannan na da amfani ko a rijista mai bit 128. Faɗi kuma ba shi kaɗai ne hanyar yawa ba. Manyan cibiyoyin M1 na Apple rijistarsu bit 128 ce, amma na'ura huɗu suka jera, jimla 512 a bugu ɗaya, ba tare da an sake wa kowa ƙamus ba.

Ƙamus ɗin da M1 ke amfani da shi NEON ne na kamfanin ARM, kuma shi ne ke cikin wayoyin Tecno, Infinix da itel da suka cika kasuwar Farm Centre a Kano, domin firosesocin MediaTek da Unisoc da ke cikinsu na dangin ARM ne. Sauraren saƙon murya, tace hoto, gyara amsa-kuwwa a kiran bidiyo, da yawansu ta nan suke bi. ARM ya yi abin da AMD ya yi a 2003: a tsarinsa na bit 64 NEON ya zama abin da kowace waya ke da shi. Da ya tashi faɗaɗawa a 2016 kuma, sai ya ƙi bin hanyar Intel, ya koma ga dabarar Cray. A sabon ƙarin nasa mai suna SVE manhaja ba ta san faɗin rijista ba lokacin da ake rubuta ta. Tambaya take yi: gurabe nawa kake da su? Injin ya amsa, ta zuba daidai nan, ta sake zagayowa. Faɗin na iya zama daga bit 128 zuwa 2048, manhaja ɗaya ta yi aiki a kan duka. Fujitsu ya gina firosesar A64FX mai bit 512 a kan wannan, ita ce ke cikin kwamfutar Fugaku da ke Kobe a Japan, wadda ta zama ta ɗaya a jerin manyan kwamfutocin duniya a Yunin 2020 ta riƙe matsayin har 2022. Buɗaɗɗen tsarin firosesa na RISC-V ma wannan hanya ya bi a ƙarin da aka amince da shi a 2021; David Patterson da Andrew Waterman, biyu daga cikin waɗanda suka tsara shi, sun riga sun yi jayayya a 2017 cewa tsarin ƙayyadadden faɗi yana tilasta ƙirƙiro ɗaruruwan sababbin umarnai duk lokacin da aka ninka rijista.

Hujjarsu tana da ƙarfi, sai dai ba na ganin ta rufe magana. Lissafin kimiyya mai dogon jeri yana jin daɗin faɗin da ba a ƙayyade ba. Aikin bidiyo da ɓoye bayanai kuwa gunduwa-gunduwa ne masu ƙayyadadden girma, takwas da takwas, sha shida da sha shida, ana yawan musanya gurabe a cikin rijista, kuma wannan ya fi wuya idan ba ka san gurabe nawa ne ba. Masu FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti, har yau da hannu suke rubuta muhimman sassan, siga daban ga kowane ƙamus, manhajar ta tambayi firosesa da umarnin CPUID lokacin tashi ta zaɓi wadda ta dace.

Wannan tambaya ita ce abin da TensorFlow ɗin da aka raba bai tsaya yi ba. Riƙe siga uku ko huɗu na kowane lissafi aiki ne da kuɗi, kuma sannu a hankali masu manhaja suna sauke nauyin. A 2020 Intel, AMD, Red Hat da SUSE suka amince da matakai huɗu na x86 mai bit 64: na farko SSE2, na biyu har SSE4.2, na uku AVX2 da FMA, na huɗu AVX-512. Red Hat Enterprise Linux 9 ya daina tashi a ƙasa da mataki na biyu a 2022, na 10 ya ɗaga zuwa na uku a 2025. Windows 11 siga ta 24H2 ba ta tashi sam a firosesar da ba ta san SSE4.2 ba, abin da ya fitar da duk dangin Core 2.

Don haka mai shirin sayen kwamfutar gwanjo don koyon nazarin bayanai ya duba sunan firosesar kafin ya tambayi girman RAM. A Linux umarnin lscpu yana jero duk abin da ta sani. A Windows ƙaramar manhajar CPU-Z tana nunawa. Core i5 ta tafi-da-gidanka daga ƙarni na huɗu, wadda ta fito a 2013, tana mataki na uku. Celeron N4020 da ta fito shekara shida bayanta tana mataki na biyu.